Jan Ƙyalle a Aljihu

Duk layin shagunan nan Ba-Matsala ake kiransa, har yara sun ɗauka shi ne sunansa na gaskiya. Sana'arsa sayar da gas na girki: ka kawo masa tukunyarka da ta ƙare, ya ba ka cikakkiya. Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa. A ce masa ƙungiyar masu shaguna na neman mai ɗauko kujeru, ya ce ba matsala. A ce kwamitin gyaran magudanar ruwa ba shi da sakatare, ba matsala. Iyayen yara na makaranta, masu sharar unguwa, masu tara wa marasa lafiya gudummawa, duk ya shiga, kuma duk inda ya shiga sai an ɗora masa wani abu a ka.

Ba wai sakarai ba ne, kada a yi masa wannan fassarar. Wani mai jawabi ne ya taɓa ce musu a wani taro, ƙaramin shago in ba a san mai shi ba mutuwa yake yi a tsaye, don haka kowa ya shiga mutane. Maganar gaskiya ce, kuma ta yi masa aiki, don ciniki ya ƙaru, manya suna gaishe shi a hanya. Sai dai shi ya ɗauki maganar kamar mutumin da likita ya ce ya sha ƙwaya ɗaya, ya juye kwalbar duka. Wayarsa ba ta yin shiru. Barci ya zama na sata, a kan kujera, a cikin mota, wani lokaci a tsaye. Matarsa ta ce ta gano dabarar ganinsa: za ta kafa ƙungiya ita da yara, su naɗa shi sakatare, ko ya riƙa halartar zaman gida. Ya yi dariya ya ce ba matsala, yana duba saƙo.

Abu ɗaya ne bai taɓa wasa da shi ba, shi ne ruwan sabulu. Duk tukunyar da aka sauke masa daga wurin cikawa sai ya shafa mata kumfa a wuyan bawul, ya tsuguna ya zuba ido. In kumfar ta kwanta shiru, tukunya ta shiga layi. In ta fara kumbura tana fitar da ƙananan ƙwai, to gas na tsiyaya. Irin wannan sai ya ciro jan ƙyalle daga ƙusar da ke bango, ya ɗaure mata a hannu, ya kai ta bayan shago inda iska ke wucewa. Mai jan ƙyalle ba ta fita ko da wa ya zo. Wannan dokar har Baba Tela ya haddace ta, tsohon da ke ɗinki a shagon gefe, wanda Ba-Matsala yake bar wa shago duk lokacin da taro ya kira shi. Aikin Baba bai wuce ya karɓi marar komai ya ba da ɗaya daga layi ba.

Ranar da abin ya faru, da safe aka sauke kaya. Ya bi su da soso ɗaya bayan ɗaya, idonsa na yaji don rashin barci. A kan wata shuɗiya ta tsakiyar layi kumfa ta taso, a hankali amma ba shakka a ciki. Ya yi tsaki, ya miƙe ya ciro jan ƙyalle. Daidai nan waya ta yi ƙara. Shugaban ƙungiyar masu shaguna ne, murya na rawa: babban baƙo yana hanya, lasifika ba ta iso zauren taro ba, mai kawo ruwan sha ya kashe waya, kuma kowa ya san in ba Ba-Matsala ba babu mai iya warware wannan. Ba-Matsala ya maƙale waya a kafaɗa, ya leƙa ya ce wa Baba Tela ga shago nan, ya tare motar haya.

Zauren ya cika, fanka ɗaya ce ke juyawa, ita ma don kunya. Babban baƙo ya ɗauki lasifikar da Ba-Matsala ya sha wahalar nemowa, ya shiga bayanin yadda ɗan kasuwa zai faɗaɗa hulɗarsa da jama'a. Rana ta take, ta fara karkata, mutumin nan bai ko kai rabin takardunsa ba. Ba-Matsala yana tsaye a baya yana raba ruwa, gumi na bin wuyansa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro hankici ya goge fuska.

Wata mai sayar da takalma da ke kusa da shi ta yi 'yar dariya. "Yau kuma jan hankici aka samu? Ga shi duk baƙin mai."

Ya dubi abin da ke hannunsa. Jan ƙyalle ne.

Da farko bai ji komai ba, kallonsa kawai yake yi. Sai kuma abin ya sauko masa gaba ɗaya, muryar mai jawabi ta koma can nesa. Bai ɗaure ba. Bai kai ta baya ba. Tana nan a tsakiyar layi, shuɗiya cikin shuɗaye, tun safe.

Ya ajiye kwalin ruwan a ƙasa ya nufi ƙofa. Shugaba ya cafke masa hannun riga. "Ina kuma za ka? Kai ne fa mai jawabin godiya." Ba-Matsala ya fizge hannunsa ya fita.

Ya tarar da Baba Tela a kan keken ɗinkinsa, fuska cike da fara'a. "Kasuwa ta yi kyau yau, ɗana. Uku na bayar."

Ba-Matsala ya wuce shi ya nufi tukwanen. Ya ɗauko kwalbar ruwan sabulu ya durƙusa gaban layi, yana roƙon Allah a ransa ya sa tana nan. Ya shafa wa ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Ya bi su har ƙarshe, ya dawo ya sake bi, ya leƙa bayan shago ko da ya kai ta ya manta. Babu wadda ta yi kumfa. Ta fita.

"Baba, su wa ka ba?"

Tsohon ya ga fuskarsa, ya tsayar da keke. "Lafiya?"

"Ɗaya tana tsiyaya. Ban ɗaure mata ƙyalle ba. Su wa ka ba?"

To, Baba Tela mutum ne da bai san kowa da fuska ba, da tufafi yake gane mutane. Ta farko dai da sauƙi, mai gidan abincin kan kwana ce, don shi ya ɗinka mata rigar aiki. Na biyu wani ne mai wandon da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ɗinkin banza, kuma yana ƙanshin sitati. Wannan mai wanki da guga ne, Ba-Matsala ya gane shi. Na uku mai babur ne, aike aka yi shi.

"Wane mai babur?"

"Mai baƙar jaket. Zif ɗinta ya lalace, har na ce ya kawo in gyara masa."

"Fuskarsa fa, Baba?"

"Hular kwano ce a kansa. Ai ban ga fuska ba." Muryar tsohon ta yi ƙasa. "Ban san abin zai zama haka ba, ɗana. Daga layi na ɗauka, kamar yadda ka ce."

"Ba laifinka ba ne," in ji Ba-Matsala, ya sa kwalbar sabulu a aljihu.

Gidan abincin ya fara zuwa. Ya ratsa masu cin abinci ya shiga kicin, nan ya ga abin da ya kusa tsayar masa da numfashi: wuta na ci a kan murhu har uku, ga sabuwar tukunya a jingine kusa da su. Ya ce wa matar yana ɗan zagayen duba kwastomomi ne. Ƙarya ce ta fito da kanta, sumul, irin ta wanda ya saba magana a taro. Ya tsuguna ya shafa wa tukunyar sabulu. Kumfa ta kwanta shiru.

"Ka ga abin da ya sa ba na saya a wurin kowa sai kai," in ji matar, tana juya miya. "Wa zai biyo ka har kicin ya duba maka? Allah ya yi albarka."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya fita da sauri zuwa wurin mai wanki, ya sake yin ƙaryar, ya sake tsugunawa. Nan ma shiru. Ya daɗe a tsugune yana kallon kumfar, wallahi har roƙonta yake ta taso, don in ba wannan ba ce, to tana wurin mutumin da bai san ko wane ne ba.

Ya tafi inda masu babur ke tsayawa. Baƙar jaket mai lalataccen zif? Suka dubi juna suka fashe da dariya, don rabinsu haka jaket ɗinsu take. Wanda ya ɗauki tukunyar gas yau? Kowa yana ɗauka. Me ya faru? Ya ce a'a, ba komai, canji ne ya manta bai bayar ba. Ya tafi wata matsayar, ya sake wata. La'asar ta wuce, inuwa ta yi tsawo. Shi kuwa ya san abin da wannan lokaci yake nufi fiye da kowa, don a kansa yake cin abinci: yanzu mata za su fara shiga kicin. Ya san gas ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya, ya cika ɗaki daga ƙafa kamar ruwa a baho. Ya san ba sai an kyasta ashana ba, danna makunnin fitila kaɗai ya isa. Duk ƙofar da aka buga da ƙarfi a titi sai ya zabura. Wata babbar mota ta yi tusa da bututun hayaƙinta, ya tsinci kansa dafe da bango.

Waya ta yi ƙara, matarsa ce. Ta ce Shugaba ya kira ta yana faɗa, wai an nemi mai jawabin godiya an rasa. Sai ta ji numfashinsa. "Baban yara, me ya same ka?"

Ya gaya mata, duka, ba tare da ado ba.

"Kana ina yanzu?"

"Ina nema."

"Kai kaɗai? Da ƙafa? Mutumin da garin nan kaf yake cikin wayarsa?"

"Ba za ki gane ba. In na faɗa a guruf ɗin waya, shi ke nan an gama da ni. Wa zai sake sayen gas a hannuna? Hukuma za ta ji, za su rufe shagon. Duk wahalar da na sha ta gina sunan nan..."

"Na gane sarai," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Tsoro kake ji, ni ma haka. Amma akwai wata mata yanzu haka da ke wanke hannu za ta shiga kicin, wataƙila da goyo a bayanta. In ka ji ƙarar daga inda kake tsaye, me za ka yi da sunan? A rufe shagon. Mun taɓa zama babu shi. Ka yi magana yanzu, ko ni in yi da tawa wayar."

Ya koma shago ya zauna a bakin ƙofa. Ya danna ya fara ɗaukar saƙon murya: gaisuwa ga shugabanni, ga dattawa, ga 'yan uwa masu sana'a, bisa wani ɗan kuskure da ba a rasa ba a harkar yau da kullum... Ya tsaya, ya ji kunyar kansa, ya goge. Ya sake dannawa.

"Ni ne mai gas na layin shaguna. Yau da rana an ba wani mai babur tukunya daga shagona, shuɗiya. Tana tsiyaya. Laifina ne, ni na gan ta ban ware ta ba. Duk wanda aka kai wa gas da babur yau, kada ya kunna wuta, kada ya taɓa makunnin fitila, ya buɗe tagogi ya fita waje. Don Allah ku tura wa kowa. Mai babur ɗin, don Allah ka kira ni, ba abin da za a yi maka."

Ya tura a guruf ɗin masu shaguna, na iyayen yara, na magudanar ruwa, na shara, duk inda ya taɓa cewa ba matsala.

Waya ta ɗauki zafi. Wasu suka turo addu'a. Wasu suka tambaya ko gaskiya ne ko an sace masa waya. Wani ya rubuta cewa shi dama ya daɗe yana zargin gas ɗin mutumin nan. Wata baiwar Allah, ko kunya babu, ta saka tallan zannuwan gado a ƙarƙashin saƙon. Shugaba ya kira, ya ce maza ya goge, irin wannan magana ba a guruf ake yin ta ba, zai zubar wa ƙungiya mutunci, a bari gobe kwamiti ya zauna. Ba-Matsala ya katse shi. Amma ana turawa, yana gani, saƙon yana fita daga guruf zuwa guruf har inda bai san kowa ba.

Mai gyaran wuta na tsallaken titi ya tsallako da jakar kayan aikinsa. Mutum ne marar magana, bai taɓa zuwa taro ko ɗaya ba, har Ba-Matsala ya taɓa yi masa wa'azi a kan haka. Ya zauna a kan benci ya ɗora jakar a cinya. "In an gano gidan, tare za mu," ya ce. Baba Tela ma ya rufe kekensa ya fito ya tsaya. Rana ta yi ja, fitilun shaguna suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kama sai Ba-Matsala ya dubi wayarsa.

Sai ga baƙuwar lamba.

"Ni ɗauka kawai na yi," in ji wata murya a tsorace. "Wallahi ban taɓa komai ba. Abokina ne ya kunna min saƙon."

"Na sani. Ina ka kai ta?"

"Dogon benen nan na bayan tankin ruwa. Hawa na ƙarshe, ƙofar ƙarshe. Wata tsohuwa ce. 'Yarta ce ta aike ni, ta ce in ajiye a kicin, in ta taso aiki za ta haɗa. Na ajiye na ja ƙofar kicin ɗin."

"Akwai taga a kicin?"

"Ban ga taga ba. Na kira 'yar yanzu, wayarta a kashe. A masana'anta take, karɓe musu waya ake yi."

Ba sai an kwatanta masa ba, Ba-Matsala ya san ƙofar. Shekarun baya shi da kansa yake saɓa tukunyar tsohuwar nan ya hau da ita, ya haɗa mata, ya shafa sabulu, ta ba shi ruwan sanyi tana ce masa ɗana. Da taro ya yi yawa ne ya ce wa 'yar ta riƙa turo mai babur. Ya san tsohuwar ba ta da waya. Ya san kunnenta ya yi nauyi. Ya kuma san abin da ya fi wannan muni, don ta sha gaya masa tana dariya: hancinta ya daɗe da yin ritaya, ko abinci na ƙonewa sai maƙwabta sun buga mata ƙofa.

Suka tare mota shi da mai gyaran wuta. A mararraba cunkoso ya riƙe su, suka sauka suka sa gudu. Ba-Matsala bai san yana da sauran gudu a jikinsa ba. Duhu ya fara sauka sa'ad da suka iso benen. Tagogi duk haske, rediyo na tashi a wani ɗaki, yara na wasa a bakin matakala. Mai gyaran wuta ya nufi akwatin babban makunni da ke ƙarƙashin matakalar, ya tarar da ƙaton kwaɗo a jiki.

"Hau," ya ce, yana buɗe jaka. "Zan san yadda na yi da shi."

Ba-Matsala ya kashe wayarsa ya fara hawa. Duk ƙofar da ya wuce sai ya buga da tafin hannu: gas na tsiyaya a sama, a fita waje, kada a kunna komai, kada a kashe komai. Mutane suka fara fitowa da yara a hannu, wasu na tambaya, wasu na zagi. Tun kafin ya kai hawa na ƙarshe warin ya tare shi a matakala, ya sauko yana neman ƙasa kamar yadda ya saba. A dogon barandan sama ƙwan fitila ɗaya ne ke ci, can a tsakiya. Ya wuce ƙarƙashinsa a hankali, kamar tafiyarsa za ta iya tayar da wani abu.

A ƙofar ƙarshe warin har ɗaci yake a maƙogwaro. Ƙofar ƙarfe ce, a kulle ta ciki. Ba hasken komai a ƙarƙashinta. Ya buga da tafin hannu, ya saurara. Shiru. Zuciyarsa ta ce tsohuwar ta riga ta suma. Ya sake bugawa, ya sake, har hannunsa ya mutu. Sai ya ji jan silifa a hankali.

"Wane ne?"

"Mama, ni ne, mai gas. Kada ki taɓa komai. Buɗe ƙofa kawai."

"Wa?"

Ya manna bakinsa a jikin ƙofar. "Mai gas ne. Kada ki kunna fitila."

"Tsaya, ɗan nan, ba na jin ka. Duhu ya yi. Bari in kunna fitila in ga inda na sa makullin."

"Mama, a'a! Kada ki kunna!"

Ya waiwaya. Ƙwan barandan yana nan yana ci, wuta ba ta yanke ba. Daga can ƙasa yana jin ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, mai gyaran wuta na fama da kwaɗo. Ya yi tunanin ya banki ƙofar da kafaɗa, ya tuna ƙarfe ce, in ta gogi ƙarfe tartsatsi za ta yi. Ya yi tunanin ya gudu, Allah ya sani ya yi wannan tunanin, amma bai bar ƙofar ba. Ta cikin ƙofar yana jin tafin hannunta na shafa bango, shaa, shaa, tana lalube, tana 'yan ƙunƙuni a kan yaran zamani da ba su iya sallama ba. Ya san inda makunnin yake, dama da ƙofa, daidai kafaɗa. Hannun yana matsowa. Ya daina kira. Ya dafa ƙofar da hannu biyu, ya kafe ƙwan fitilar nan da ido, bakinsa na motsi ba sauti.

Ƙwan ya mutu. Rediyon ƙasa ya yi tsit. Kafin ya sauke numfashi ya ji makunni a cikin ɗakin ya ce ƙas.

Babu abin da ya faru.

"Af," in ji tsohuwar. "Sun ɗauke."

Ta ci gaba da lalube har ta samo makullin a inda yake kullum, a jikin ƙofar. Tana buɗewa warin ya buge shi har idonsa ya kawo ruwa. Bai tsaya bayani ba, ya sungume ta kamar yarinya, ba ta da nauyin komai, ya miƙa ta ga wasu maza biyu da suka biyo shi sama. Ya ja numfashi ya riƙe, ya shiga cikin duhu. Ƙafarsa ta san ɗakin. Ya tura tagogin falo, ya buɗe ƙofar kicin a hankali, a nan ya ji ta da kunnensa, wani siririn sauti kamar ana hura miya. Jijjigar babur ta ƙara buɗe inda ke tsiyayar. Ya rungume tukunyar a ƙirji don kada ta bugi komai, wuyanta sanyi ƙalau a haɓarsa, ya sauko da ita mataki bayan mataki. Mutanen da suka rage a matakala suka manne da bango suka ba shi hanya.

Ya kai ta can tsakiyar filin da ke bayan tankin ruwa, nesa da kowa, ya ajiye. Ya ciro jan ƙyallen ya ɗaure mata a hannu. Sai da ya yi ƙulli ya kwance ya sake.

Da ya dawo ya tarar da mutanen benen cirko-cirko a bakin titi. Wasu sun riga sun ji saƙon, sun san ko shi wane ne, suna kallonsa ba wanda ya ce masa sannu. An zaunar da tsohuwar a kan benci gaban wani shago mai haske, mai gyaran wuta na tsaye kusa da ita, jini na ɗiga daga yatsansa. Ta ɗago ta ƙura wa Ba-Matsala ido, fuskarta ta washe.

"Au, ɗana, kai ne? Ka ɓuya. Na ce ko ka bar garin."

Ya durƙusa a gabanta. "Mama, ya jikin? Kina jin jiri?"

"Kaina ne dai ke sara min tun la'asar. Na ce bari in kunna risho in dafa ruwan zafi ko zai sauka, tunda ba a haɗa gas ɗin ba. To, ashanar yanzu ba ta da kirki." Ta buɗe hannun da ta dunƙule tun daga sama. Kwalin ashana ne da ya sha damshi, da 'yan tsinkaye a gefensa, kawunansu duk sun marmashe. "Duba. In na kyasta sai kan ya zube, in na sake sai ya zube. Ina tsaye a kicin ɗin nan har na gaji, na ce bari in ɗan kwanta. Gobe in za ka wuce ka taho min da mai kyau."

Ta juye masa su a tafin hannu. Ya dubi tsinkayen. Kowane da ɗan baƙin layi a gefe, inda ta goga shi a jikin kwalin. Ya zauna daɓas a ƙasa, jikinsa duka na karkarwa.

"Ku ba shi ruwa mana," in ji tsohuwar. "Ba ku ga yana rawar sanyi ba? Ko zazzaɓi ne, ɗana?"

"Mama," ya ce, "tukunyar da ta kusa kashe ki, daga hannuna ta fito. Na ga tana tsiyaya, na tafi taro."

Ta karkato kunne, ta dubi bakinsa, ta juya ga mai gyaran wuta.

"Me ya ce?"

Babu wanda ya maimaita mata.